Aska da reza ta zamani

Aska siririyar wuƙa ce mai baki ɗaya da wanzamai ke aski da ita. Ana wasa ta a dutse, a goga a fata, kuma takan yi shekaru tana aiki. Tana kwashe gashi tas, amma sai a hannun gwani.

Reza mai kan da ake sauyawa ta bazu bayan kamfanin Gillette na Amurka ya fitar da Trac II mai baki biyu a 1971, sai Mach3 mai baki uku a 1998. Ta fi sauƙi ga mai yi wa kansa aski, sai dai kawunanta na da tsada. Aske mutane da yawa da aska ɗaya ba tsaftacewa na iya yaɗa ciwon hanta nau'in B.