Tarihin Wata Ɓaraka a Cikin Akwatin Wifi

A shekarar 2001 kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar. Ya zama Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. A lokacin, wanda ke ƙauyukan Buza ko Kaita sai ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin ya samu rezo. Yau a Madawa ba ka rasa butik ɗin da aka rubuta "wifi zone" a bangonsa, ka sayi tike na dala ashirin ko arba'in ka shiga intanet. Tun da Starlink ya fara aiki bisa izini a ƙasar nan cikin Maris 2025, abin ƙaruwa ya yi. Bayan kowane tike akwai ɗan akwati mai ƙyaftawar fitila da ke raba intanet ɗin. Akwatin nan yana da tarihi, kuma cikin tarihinsa akwai wata ɓaraka da ta girmi da yawa daga cikinmu.

Kowane akwati yana da shafin da ake sarrafa shi. Mai shi zai buɗe burauza, ya rubuta lamba irin 192.168.1.1, ya sa kode, sai ga shi gaban komai: wa ya shiga, wa za a kora, ta wace hanya saƙo zai bi. Wannan shafi shi ne zauren gidan. To, ɓarakar da masana ke kira XSS a nan take. Mu a wannan rubutu cushen umarni za mu ce mata.

Ga misali daga gida. A da, in ɗan ci-rani ya aiko wasiƙa daga Abijan, wurin malam ko ɗan lakkol ake kai ta ya karanta. Aikinsa karantawa kawai. Amma a ce wani ya soka layi cikin wasiƙar, "a buɗe rumbu a ba mai kawo wannan takarda dami goma", mai karatun kuma maimakon ya faɗi abin da ya gani sai ya tashi ya buɗe rumbun. Haka burauza take yi in shafi bai tace rubutun da ya karɓa daga waje ba: ta kasa bambance magana da umarni. A akwatin wifi, kowace waya da ta shiga tana faɗin sunanta, sunan kuma ya bayyana a shafin mai akwati. In mugu ya sa gutsuren umarni a madadin suna, akwatin kuma bai tace ba, ranar da mai shi ya buɗe jerin don ya ga abokan cinikinsa, burauzarsa za ta aikata umarnin da ikonsa shi kansa. Ɓarawo bai fasa ƙofa ba, mai gida ne ya buɗe masa bai sani ba.

Asalin abin ya koma 1995, sa'ad da Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro JavaScript, harshen da ya ba shafin intanet damar yin aiki a cikin kwamfutar mai kallo. Ba a daɗe ba aka gane cewa damar nan kaifi biyu gare ta. Injiniyoyin Microsoft ne suka raɗa wa cutar suna a farkon 2000, kuma ranar 2 ga Fabrairun wannan shekara cibiyar CERT ta jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta fitar da gargaɗi a kanta. Mutane da yawa suka ɗauke ta ƙaramar magana, har Oktoban 2005, lokacin da wani saurayi mai shekara 19, Samy Kamkar, ya dasa umarni a shafinsa na MySpace. Duk wanda ya leƙa sai umarnin ya kwafi kansa zuwa nasa shafin. Cikin awa 20 ya kama fiye da mutum miliyan ɗaya, sai da aka rufe dandalin don a share.

Daga nan hankali ya juya ga akwatunan gida. A Disamban 2006 masu bincike uku, Sid Stamm da Zulfikar Ramzan da Markus Jakobsson, suka nuna cewa shafi guda mai mugun JavaScript yana iya gwada koden da akwati ya zo da shi daga masana'anta, ya shiga, ya sauya na'urar da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshi. Ka rubuta sunan bankinka daidai, a kai ka gidan ɓarayi. Ba cushen umarni ba ce kai tsaye, ƴar'uwarta ce, don duka biyun kan burauzar mai gida suke hawa. A Janairun 2008 kamfanin Symantec ya ba da labarin an yi hakan da gaske a Meziko: saƙon imel mai kama da katin gaisuwa ya riƙa sauya akwatunan 2Wire, masu ajiya a wani babban banki suna faɗawa shafin bogi. A 2012 kuwa Fabio Assolini na Kaspersky ya bayyana cewa an taɓa akwatuna kusan miliyan 4.5 a Burazil ta irin wannan hanya.

Manyan kayan ofis ma ba su tsira ba. A Disamban 2015 Deral Heiland na kamfanin Rapid7 ya nuna cewa manhajojin kamfanoni huɗu masu sa ido kan na'urorin rezo suna haɗiye sunan da na'ura ta faɗa ba tare da tacewa ba. Shekara 15 ke nan bayan gargaɗin farko, cutar na nan daram.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya wanda masu sayar da tike da yawa ke aiki da akwatunansa. A Afrilun 2018 an gano wata kafa a kayansa, ya toshe ta cikin gaggawa ya fitar da gyara. Amma gyara sai an sauke shi. A Agustan wannan shekara aka iske akwatuna sama da 200,000, yawanci a Burazil, waɗanda ba a sabunta ba, an mai da su masu cusa JavaScript cikin shafukan da mutane ke buɗewa, wayoyin bayin Allah suna haƙo wa ɓarayi kuɗin intanet. Magani yana nan fiye da wata uku, ba a sha ba.

Yo ina ruwan Adar da Burazil? Ruwa kuwa babba. Akwati ɗaya ne, manhaja ɗaya ce, kuma namu sau da yawa na hannu ne, an sayo a Ƙonni ko Kano, ba takarda, ba wanda ya sabunta shi. Ta cikinsa ɗan kasuwar albasa na Madawa ke jin farashin Abijan, ta cikinsa uwa a Buza ke jiran saƙon kuɗin ɗanta daga Libiya, ta cikinsa ɗalibi ke cika takardun jami'ar Tawa. Gaskiya ne Nijar ta yi dokar laifukan intanet ranar 3 ga Yulin 2019, amma doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna, kuma mai cusa umarnin yana iya zama a wata nahiya.

Abin da tarihin nan ya koyar ba mai tsada ba ne. A sauya koden masana'anta ranar da aka kunna akwati. A sauke sabon gyara in ya fito. A rufe shafin sarrafawa ga masu tike da mutanen waje. Kada a buɗe saƙonnin WhatsApp da sauran shafuka a burauzar da ake sarrafa akwati da ita, kuma in an gama a fita, kada a bar zauren a buɗe.

Mutanen kwarin Majiya sun san irin wannan aiki. Tun 1975 suka fara jera layukan dogon yaro don tare iska, a Kaita kuma aka yi ta jera duwatsu tun 1984 don tare zaizayar ƙasa. Babu wanda ya hana iska busawa, gonaki dai aka kare, kuma layin da aka bari ba kula ta nan ƙasa ke tafiya. Ƴan uwa ɗalibai, mu ne ake kira in wifi ya tsaya a unguwa. In an kira mu, kafin mu taɓa waya ko eriya, mu tambayi mai akwati yaushe rabon da a sabunta shi.