BABI NA UKU: TUSHEN SAƁANIN EDITOCIN WIKIPEDIA TA HAUSA A TARIHIN RUBUTUN BOKO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, da yadda aka samar da sashen Hausa daga baya. A wannan babi za a dubi saɓanin da ke aukuwa tsakanin editoci masu aikin sa-kai a wannan kundi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, saɓanin gado ne daga muhawarar daidaita rubutun Hausa. Bambancin kawai, a da akwai hukuma mai yanke hukunci, yanzu kuwa babu.

3.1 Zamanin Hukuma

A shekarar 1912 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930, lokacin da Dokta R. M. East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa a Jihar Arewa. Bayan haka an yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, duk don a daidaita rubutu. Duk da haka har yau Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuma ƴ. Abin lura a nan shi ne, a kowane mataki ƙa'ida daga sama take saukowa, makarantu da maɗaba'u su bi.

3.2 Zamanin Maslaha

Tsarin Wikipedia ya saɓa wa wannan. Ba ta da babban edita. Manyan ƙa'idojinta na rubutu uku ne: kada marubuci ya ɗauki ɓangare, ya kafa hujja da majiyar da aka wallafa, kuma kada ya shigar da binciken kansa. Idan aka sami saɓani, a shafin tattaunawa ake warware shi ta hanyar maslaha. Ke nan ɗalibi da farfesa matsayinsu ɗaya, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ake bi.

3.3 Wuraren Saɓani

Na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wasu editoci da waya suke rubutu, wasu kuma suna ganin mai karatu zai gane ko babu lanƙwasa. Masu adawa da su suna cewa baki daban, baƙi daban, haka kafa da ƙafa, don haka sakaci da lanƙwasa ɓata ma'ana ne.

Na biyu shi ne karin harshe. An gina Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, amma kundin na Hausawa ne baki ɗaya. Basakkwace yana cewa shina, Bakano yana cewa yana. Likitan Nijeriya shi ne lokotoro a bakin wasu mutanen Nijar. Wanda aka goge wa kalmarsa yakan ji kamar an ce Hausarsa ba Hausa ba ce.

Na uku, wanda ya fi tsanani, shi ne fassarar na'ura. Tun da Google Translate ta shigar da Hausa a ƙarshen 2013, juya maƙala daga Ingilishi ya zama aikin 'yan mintoci. Wasu suna ganin yawan maƙaloli shi zai ɗaga darajar harshen, wasu kuma suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya faru da sashen harshen Sukot na Birtaniya ya isa ishara: a 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen ba, shi ya rubuta dubban maƙalolinsa.

3.4 Misali Daga Buji

Ƙa'idar majiya tana da wani illa ga wurare irin su ƙaramar hukumar Buji, mai hedikwata a Gantsa. Kowa zai iya kafa hujja cewa an ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, domin wannan yana rubuce. Amma labarin kafuwar ƙauyuka da salsalar dagatai da asalin kasuwanni, galibinsa a bakin dattawa yake. Idan ɗan Buji ya ji daga kakansa ya rubuta, ƙa'ida ta ba edita damar gogewa, domin binciken kai ne. Editan bai yi laifi ba, tunda in aka buɗe wannan ƙofa kowane gida zai rubuta cewa shi ya sari gari. Shi ma ɗan Buji yana da gaskiya, domin ruwayar baka ita ce tushen yawancin tarihin ƙasar Hausa. A 2011 Achal Prabhala ya gwada kafa hujja da hirar baka a Indiya da Afirka ta Kudu, amma wannan bai zama ƙa'idar kundin ba.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa saɓanin lanƙwasa da na karin harshe sun girmi intanet, fassarar na'ura ce kaɗai baƙuwa. Ra'ayin mai wannan bincike shi ne, matsalar Buji ba a kan editoci take ba. Hakkin sassan Hausa da na Tarihi ne a jami'o'i su tattara ruwayoyin dattawa, su tace su, su wallafa tun masu su suna raye. A babi na gaba za a nazarci Hausar wasu zaɓaɓɓun maƙaloli.