Garwa: Kowane Baƙo Da Abin Da Ya Zo Nema

A watan Janairun 2022, da aka kawo wasannin gasar cin kofin Afirka filin Roumdé Adjia, Garwa ta cika ta batse da baƙi daga Yola da Maiduguri da Kano, domin a nan 'yan wasan Najeriya suka buga wasanninsu. Ina cikin gabatar da shirin Hausa na yamma sai wani dattijo ya bugo waya. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, jikoki ne suka jawo ni kallon ƙwallo, ni kuwa ba ta dame ni ba. In ban da filin wasa, me garinku yake da shi da mutum zai je ya gani?" Na ce, "Baba, akwai kogi, akwai kasuwa." Daga nan bakina ya mutu. A garin nan aka yanke cibiyata, ga takardar difloma ta aikin jarida, amma na kasa ba baƙo amsa. Kunyar wannan yammaci ce ta mayar da ni ga littattafai da zauren manya. Ga amsar da ta kamata in ba shi.

Mai son tarihi ya fara da bakin Binuwai, don kogin ne ya yi garin. Fali da Bata ne suka fara zama a wannan yanki. A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa daular Fombina, wato kudu da Fillanci, wadda ya mayar da fadarta Yola a 1841. Garwa da Marwa da Ngaundare duk a ƙarƙashinta suke. Fataken Hausawa suka biyo tutar da tufafi da kanwa, suna komawa da hauren giwa, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. A watan Yunin 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a hanyarsa ta zuwa Yola, labarinsa kuwa ya ƙara wa Turawa kwaɗayin kogin.

Shekara hamsin bayan nan suka zo da bindiga. Turawan Ingila suka ci Yola a Satumbar 1901. Lamiɗo Zubairu ya tsallako ya gwabza da Jamusawa a Garwa a ƙarshen wannan shekara, sannan a Marwa a Janairun 1902. Haka aka tsaga daula guda gida biyu, shi ya sa har yau za ka ga mutum yana Garwa, kawunsa yana Yola, kowa da kalar takardarsa. Su ma Jamusawan ba su daɗe ba. A Yaƙin Duniya na Farko sojojinsu na Garwa suka miƙa wuya ga Ingila da Faransa a Yunin 1915, na kan dutsen Mora kuma suka daure har Fabrairun 1916. A zamanin Faransawa jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya da damina su ɗauki auduga da gyaɗa a tashar Garwa. A garin ne kuma aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, wanda ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989, can kuma kabarinsa yake.

Wanda yake son ganin sarauta da idonsa sai ya nufi Rey Buba, masarautar da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19. Doguwar katangar ƙasa ta kewaye fadar, talakawa kuwa Baba suke kiran sarkinsu. Bakano ko Bakatsine da ya ga hawan salla a can zai gane dawakai da kayan dogarai, ko da bai ji Fillanci ba.

Mai son namun daji yana da ganduna uku a wannan yanki. Akwai na Binuwai, wanda aka killace a 1932 aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, ga dorina da kada a bakin ruwa. Akwai na Buba Njidda, sai na Faro. Can arewa mai nisa kuma ga Waza, da raƙuman dawa da zakuna. Da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a wuraren shan ruwa. Mutane kaɗan ne suka san cewa tun 1970 akwai makarantar koyon kula da namun daji a Garwa, inda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suke turo ma'aikatan gandunansu.

Mai ƙarfin ƙafa sai ya hau duwatsun Mandara ya je Rumsiki, inda tsaunuka suka miƙe tsaye kamar an dasa su, inda kuma boka yake duba da ƙaguwa. Kapsiki da ke zaune a can 'yan'uwan Higi ne na Michika, iyaka ce kawai ta ratsa su. Kusa da Gidar akwai kwazazzabon Kola, wanda ruwa ya sassaƙa a cikin dutse. A Bidzar akwai zane-zanen mutanen da a kan duwatsu, a Pus kuma ɗakunan Musgum na yumɓu masu tsini. Mai iyali da ba ya son nisa yana iya cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko ya je Lagdo ya ci gasasshen kifi. 'Yan Najeriya ba sa jin sunan Lagdo sai an yi ambaliya, kamar a 2012 da 2022, alhali madatsar da 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982 ita ke ba arewacin Kamaru wuta, ta kuma ciyar da masunta da yawa.

To, jama'a, duk wannan dukiya tana zubewa muna kallo. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a dajinmu ta yi zamanta na ƙarshe, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shigo gandun Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu iyalan Faransawa su bakwai bayan sun fito daga Waza. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Masu yi wa baƙi jagora da masu masauki da dukawan Marwa suka koma zaman jiran tsammani.

A nan na ga namu laifin. Mun ɗauka yawon buɗe ido aikin Bature ne mai kyamara, shi ya sa da ya daina zuwa sai wuraren suka zama marayu. Alhali tsakanin Yola da Garwa tafiyar yini ce, addini ɗaya, dangi ɗaya, Hausa da Fillanci suna kai mutum ko'ina. Abin da ba ka taɓa gani ba kuwa ba za ka ji zafin ɓatansa ba.

Dattijon nan bai sake bugo waya ba, ban ma tambayi sunansa ba. Amma tun daga lokacin nakan keɓe wasu mintuna a shirina in ɗauki wuri guda in ba da tarihinsa, masu sauraro su bugo su gyara mini inda na kauce. Da ranin bara na ɗauki 'ya'yana muka je bakin Binuwai da asuba, suka ga dorina a karon farko. Baba, in wannan rubutu ya iske ka, ka dawo da jikokin. Wannan karon ni da kaina zan yi muku jagora. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.