Tarihin Shinkafar Zinariya da Darasinta ga Manoman Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun tarihin wata shinkafa da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado domin ta ɗauki abin da ke zama bitamin A a jikin ɗan Adam, sannan mu ga abin da tarihin nata zai koya wa manoman arewacin Zamfara. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda daɗewarsa da noman shinkafa. Gulbin Gagare yana ratsa ƙasar Ƙauran Namoda, na Bunsuru yana bi ta Zurmi, Shinkafi kuwa tana can inda su biyun ke kusantar juna kafin ruwansu ya shiga gulbin Rima. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fadamun nan suna ciyar da jama'a.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ba a auna amfanin ƙwayar shinkafa a ranar girbi kaɗai. Sai an bi ta har rumbu da tukunya.

Aikin Inzayim da Hikimar Masu Gumi

A cikin kowane tsiro akwai waɗansu sinadarai da masana ke kira inzayim, aikinsu kuwa gaggauta ginawa ko rushe wasu abubuwa. A dusar shinkafa akwai guda biyu da suka shafe mu, wato lifes da lifoksijines. Da zarar an sussuke ƙwaya sai su far wa man da ke cikin dusar, shi ya sa take saurin yin ɗaci.

Matan ƙasar Hausa sun daɗe suna maganin wannan ba tare da sun san sunansa ba. Idan suka jiƙa shanshera, suka turara ta, suka shanya, wato gumi ke nan, zafin yakan kashe inzayim ɗin, kuma yakan tura wani kaso na bitamin B1 daga dusa zuwa cikin tsaba. Turawa ba su gane darajar wannan ba sai bayan asarar rayuka. A shekarun 1890 Christiaan Eijkman ya lura a tsibirin Jaba cewa kajin da aka ciyar da farar shinkafa gogaggiya suna kamuwa da ciwo irin beriberi. A 1907 kuma likita Braddon ya bayyana cewa a Malaya masu cin turarriyar shinkafa suna tsira daga ciwon da ke kwantar da masu cin fara.

Sai dai gumi ba ya kawo abin da babu. Ganyen shinkafa yana yin bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, amma tsabarta ba ta yi. Rashin wannan bitamin shi ke jawo dundumi, idan ya tsananta ya makantar da yaro, ya kuma raunana shi gaban ƙyanda da gudawa.

Haihuwar Shinkafar Zinariya

A shekarar 2000 Ingo Potrykus na Zurich a ƙasar Suwizalan da Peter Beyer na Jami'ar Freiburg a Jamus suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Science. Tsabar shinkafa tana da kayan ginin, abin da ta rasa shi ne maginan. Saboda haka suka ɗauko ƙwayar gadon inzayim mai suna faitoyin sintes daga furen dafodil, suka haɗa da wata daga bakteriyar ƙasa, sai tsaba ta fito da launin ruwan ɗorawa. Amma abin da ta ɗauka bai wuce maikirogiram 1.6 a kowane giram ba, masu suka kuwa suka ce wannan bai isa ya warkar da kowa ba.

A 2005 masanan kamfanin Syngenta suka gano cewa inzayim ɗin dafodil ne ke jan ƙafa. Da suka musanya shi da na masara sai adadin ya kai har maikirogiram 37. Wannan ya nuna cewa ƙarfin inzayim guda ɗaya yana iya yanke hukunci kan amfanin shuka baki ɗaya.

Bayan haka sai matsalar ajiya ta kunno kai, domin an ga bita-karotin ɗin yana raguwa cikin makonni bayan girbi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kalkata ta Indiya suka rage aikin lifoksijines a cikin ƙwayar, wato abokin gabar nan da masu gumi ke kashewa da tururi, suka sami sauƙin asarar. A 2017 kuma masanan Freiburg suka nuna cewa iska kanta tana cinye kaso mai yawa ba tare da hannun wani inzayim ba. Ashe ke nan tururi kaɗai ba zai tsare wannan sinadari ba.

Ƙasar Filifin ce ta fara yarda a noma ta don kasuwa a 2021, amma a Afrilun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ba da umarnin dakatarwa.

Matsayin Nijeriya

A 2015 aka kafa hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan shuke-shuke a Nijeriya. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a 2024 kuma masarar TELA ta biyo baya. An kuma gwada wata shinkafar da aka sauya domin tattalin taki da ruwa a killataccen fili a Badeggi. Wannan ya nuna cewa maganar ba ta yi nisa da fadamunmu ba, gara mu shirya tambayoyinmu tun da wuri.

Kammalawa

Tambayoyin kuwa uku ne. Na farko, nawa ne zai saura a cikin ƙwaya bayan ta yi wata shida a rumbu, ta sha zafin bazara irin na Shinkafi? Na biyu, yaya za ta kasance a hannun masu gumi, yaya kuma a tuwo, wanda ake yi da shinkafar da ba a turara ba? Na uku, shin manomi zai iya ajiye irinsa ya shuka baɗi kamar yadda ya gada?

Dole kuma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Tun wajen 2011 rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu a wannan yanki, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga jinyar yara masu tamowa a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Yaron da uwarsa ba ta iya zuwa tsinkar zogale, ba ta kuma da kuɗin manja, ba launin shinkafa ne farkon buƙatarsa ba. Duk da haka, ranar da manoma suka koma fadama, ya kamata kwalejojinmu su kasance sun rubuta sanin da ke hannun masu gumi, sun kuma auna abin da ajiya ke yi wa hatsinmu, domin duk irin da aka kawo mu auna shi da mudunmu.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, gyara kuwa muna jiransa daga malamanmu.