Tarihin Canjin Ɗan Wasa a Ƙwallon Ƙafa

Shekaru da dama ƙwallon ƙafa ba ta san canjin ɗan wasa ba. Mutum goma sha ɗayan da suka fara su ne za su gama, wanda ba a zaɓa ba kuwa kallo ne nasa. Idan wani ya ji rauni, ko dai ya daure ya koma gefen fili yana ɗingishi, ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma.

Wasannin ƙarshe na Kofin FA a Ingila ne suka fito da illar wannan tsari fili. A 1956 mai tsaron ragar Manchester City, Bert Trautmann, ya karye a wuya ana tsaka da karawa da Birmingham City, amma ya ci gaba da tsare raga har aka tashi. An yaba jarumtarsa, ko da yake rashin mai karɓarsa ne ya sa ya sayar da ransa haka.

Gasar lig ta Ingila ta yarda da canji ɗaya a kakar 1965, shi ma sai in rauni aka ji. Keith Peacock na Charlton Athletic ne ya fara shigowa, ranar 21 ga Agusta. Da yake alƙalin wasa ba likita ba ne, bambance raunin gaske da na ƙarya ya gagara, sai a 1967 aka bar wa koci ya canza wanda ya ga dama. Daga nan mintunan wasa suka zama abin rabo a hannun koci.

Gasar cin kofin duniya ta fara da canji biyu a Meziko a 1970, sannan dokar wasa ta kai shi uku a 1995. Benci ya daina zama wurin waɗanda aka manta da su: daga can Emmanuel Amunike ya taso ya zura wa Ajantina ƙwallon da ta ba Nijeriya zinare a gasar Olamfik ta 1996.

Annobar korona ta cunkushe jadawalin wasanni a 2020, aka ba da damar canji biyar na wucin gadi don rage gajiya, sannan aka tabbatar da shi a 2022. An dai taƙaita tsayar da wasa don canji zuwa sau uku, ban da hutun rabin lokaci. Masu suka na cewa ƙungiyoyi masu kuɗi, waɗanda bencinsu ke cike da gwanaye, su suka fi cin moriyar dokar.