Tekun Ƙasar Sakkwato da Tarihin Kurmin Ruwan Gishiri

Mutumin da ya tsaya a bakin kogin Challawa, masana'antun jima na bayansa, ba abin da zai kawo masa tunanin teku. Tsakaninsa da gaɓa akwai kusan kilomita 800, kuma ruwan da yake kallo ba can ya nufa ba, Haɗeja ya dosa, daga nan sai ƙasar Barno da tafkin Chadi. Amma duk da haka ƙasar Hausa tana da nata rabo a tarihin teku, sai dai ba a Kano aka ajiye shi ba, domin birnin a kan tsohon dutse yake zaune. A ƙasar Sakkwato shaidar take.

Shekara wajen miliyan 70 da suka shuɗe, ruwan tekun duniya ya cika ya tumbatsa, har wani reshe nasa ya keto daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya biyo ta Gao, ya kwanta a kan ƙasar da Wurno da Goronyo da Dange suke. Ya ja baya, ya sake dawowa shekara wajen miliyan 60 da suka wuce. Kowane zuwa ya bar shimfiɗarsa: laka, da rairayi, da farin dutsen nan na Kalambaina, wanda asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da suka mutu suka taru. Shi ne dutsen da aka fara ƙonawa ana yin siminti da shi a Sakkwato a 1967. Wato maginin da ya kwaɓa wannan siminti, gindin tsohon teku ya kwaɓa bai sani ba. A cikin lakar kuma an tono ƙasusuwan kada da kififiya da kifaye, da na wata ƙatuwar dabbar ruwa wadda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo.

To, teku mara zurfi, mai ɗumi, mai gaɓar taɓo, shi ne mazaunin irin kurmin da ake magana a kansa. Itatuwansa suna tsayawa ne a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu, a tsakanin iyakar cikar ruwa da iyakar janyewarsa. Idan ruwa ya yi musu yawa su nutse. Idan ya guje su, itatuwan tudu su ƙwace wurin. Saboda haka kurmin ba ya da zaɓi, duk inda gaɓa ta koma dole ya bi ta. Binciken da aka buga a 2019 a kan duwatsun arewacin Mali ya nuna cewa gaɓar wancan teku na Sahara tana da irin wannan kurmi. Daga cikin itatuwan gaɓa na wancan zamani akwai wani ɗan'uwan giginya da ake kira nipa, wanda gangar jikinsa take kwance cikin taɓo, ganye kaɗai ke fitowa. Ƙurar furensa tana nan a tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma, amma daga baya ya ɓace daga nahiyar ɗungurungum.

Labari na kusa ya fi wannan fitowa fili. Shekara wajen 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta daskare a arewacin duniya ta riƙe ruwa mai yawa, teku ya sauka da kamar mita 120. Bakin Kwara ya matsa can gaba, inda a yau jirage ke wucewa, kurmin ya bi shi, ya ƙanƙance ya zama siriri. A wannan zamanin na fari ne iska ta turo rairayin hamada zuwa gabashin Kano, ta tara tuddan da Bahaushe ya kira jigayi, waɗanda jihar Jigawa ta ci sunansu. Dalili ɗaya ke nan ya bar alama biyu, ɗaya a gaɓa, ɗaya a ƙofar gida. Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya hauro ya cika kwarurrukan koguna, har ya daidaita shekara wajen 6,000 da suka wuce. Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta ƙidaya ƙurar fure a cikin lakar da aka haƙo daga bakin Kwara, ta buga sakamakon a 1981, inda yawaita da raguwar ƙurar itatuwan kurmin suka bi sawun hawa da saukar teku. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Kurmin da ya kafu bayan wannan cika shi ne mafi girma a Afirka, kuma a cikin saiwoyinsa kifi da jatan lande suke hayayyafa. Nipa kuwa ya dawo, amma ba da ƙafarsa ba. A 1906 Turawan mulki suka kawo shi Kalaba daga Singafo. Duk inda aka sare kurmi don itacen wuta, ko man fetur ya kashe shi, sai nipa ya riga kowa zama, ga shi kuma ba ya da saiwoyin da kifi ke fakewa a ciki.

A yanzu teku yana sake hawa. Abin da ya taimaki kurmin a dā shi ne laka, domin muddin kogi na kawo ta, ƙasan kurmin yana tashi tare da ruwa. Wani kaso na wannan laka daga ƙasar Hausa yake fitowa: gulbin Rima yana zaizayar shimfiɗar tsohon tekun Sakkwato, ya kai wa Kwara, Kwara ta kai gaɓa. Sai dai tun 1968 madatsar Kainji take tare hanya, ta Jebba tana ƙasanta, a Goronyo ma an datse Rima, kuma a bayan kowace madatsa lakar kwantawa take yi.