Layin Waya na Sa Kati: Yadda Tsarin Yake da Hanyoyin Rage Kashe Kuɗi

Tsarin sa kati, wanda wasu ke kira biya-kafin-amfani, hanya ce ta hulɗa tsakanin kamfanin sadarwa da mai layi, inda mutum ke zuba kuɗi a layinsa tun da farko, sannan a riƙa cira daidai da kiran da ya yi, ko saƙon da ya aika, ko datar da ya yi amfani da ita. Kishiyarsa shi ne tsarin biya a ƙarshen wata, wanda a Najeriya ya fi yawa a hannun kamfanoni da manyan ma'aikatu. Mafi rinjayen masu waya a ƙasar nan, daga ɗan kasuwar Kantin Kwari zuwa ma'aikacin sakatariyar jiha, a kan tsarin sa kati suke.

Babban alfanun tsarin shi ne babu takardar bashi da za ta biyo mutum gida. Illarsa kuma ita ce kuɗin na fita kaɗan-kaɗan, Naira 200 yau, 500 gobe, har wata ya ƙare mai layi bai san jimillar abin da ya kashe ba. Don haka rage kashe kuɗi a wannan tsari ya dogara ne a kan abu guda: mutum ya san irin amfanin da yake yi da wayarsa, ya sayi abin da ya dace da wannan amfani, maimakon abin da talla ta fi kwarzantawa.

Asali da tarihi

Tsarin sa kati ya fara bazuwa a duniya ne a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin TMN na ƙasar Fotugal ya fito da nasa a 1995, kamfanin Vodacom na Afirka ta Kudu kuma a 1996. Tsarin ya buɗe ƙofar mallakar waya ga mutanen da ba su da asusun banki ko albashin wata, abin da ya sa ya karɓu ƙwarai a nahiyar Afirka.

A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001, inda aka sayar da kowane lasisi a kan Dala miliyan 285. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekarar. A farkon lamari layi kaɗai yakan ci dubban nairori, kira kuma Naira 50 ne a minti guda, ko da mutum ya yi maganar sakan biyar ne ya kashe. Shigowar Globacom a 2003 da tsarin cajin kuɗi sakan-sakan ta tilasta wa sauran kamfanoni yin koyi, farashi ya fara sauka. Econet ya yi ta sauya hannu da suna har ya zama Airtel a 2010. Etisalat, wanda ya fara aiki a 2008, ya koma 9mobile a 2017.

Bayan shekaru fiye da goma ba tare da ƙarin farashi na bai-ɗaya ba, a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, alhali su sun nemi a ninka farashin ne gaba ɗaya, suna kafa hujja da tsadar man dizal da faɗuwar darajar Naira. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6. Ma'anar ƙarin ita ce wanda yake kashe Naira 6,000 a wata zai iya buƙatar har Naira 9,000 kafin ya samu abin da ya saba samu. Ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wannan ya haura kashi ɗaya cikin takwas na albashinsa.

Abubuwa huɗu da ake saya

Abin da jama'a ke haɗawa su kira kati ko data ya kasu gida huɗu, kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko shi ne ainihin kuɗin kati, wato abin da mutum ya loda. Na biyu shi ne tsarin farashi, wanda ke fayyace nawa za a cira a kowane sakan na kira. Kowane layi yana kan wani tsari, ko mai shi ya zaɓa ko bai zaɓa ba. Na uku shi ne ƙunshi, wato adadin data ko mintunan kira da ake saya a dunƙule na kwana guda, ko mako, ko wata. Na huɗu ita ce garaɓasa, ƙarin da kamfani ke bayarwa idan an loda kati ko an sayi ƙunshi.

A 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi, wadda ta rage yawan tsare-tsaren da kamfani zai iya ajiyewa, ta kuma wajabta masa bayyana farashi da wa'adi da sharuɗɗan kowane tsari a fili. Duk da haka, aikin kwatantawa yana wuyan mai layi.

Yadda ake gane farashi na gaskiya

Kamfanoni kan faɗi farashin kira da kwabo a kowane sakan. Don gane abin da minti guda ke ci, sai a ninka adadin sau 60, a raba da 100. Tsarin da ke cajin kwabo 23 a sakan, alal misali, yana cin Naira 13.80 a minti, don haka katin Naira 1,000 zai ba da kimanin minti 72.

A nan ne garaɓasa ke ruɗar mutane. A ɗauka wani tsari yana mayar da katin Naira 1,000 ya zama Naira 3,000, amma yana cajin kwabo 75 a sakan, wato Naira 45 a minti. Mai wannan layi zai samu minti 66 da 'yan kai ne kawai, ƙasa da wanda bai karɓi garaɓasar komai ba. Ƙari a kan haka, garaɓasa kan zo da gajeren wa'adi, wata kuma ba ta aiki sai a kiran layukan kamfanin da ya bayar. Abin dubawa shi ne minti nawa kuɗin zai saya, ba adadin da ya bayyana a fuskar waya ba.

Wasu tsare-tsaren kuma suna da kuɗin shiga na kullum, wanda ake cira a kiran farko na yini kafin farashi ya sauka. Irin wannan ya dace da dillali ko ɗan kasuwar da ke kira sau da yawa a rana. Ga wanda ke yin gajeren kira ɗaya ko biyu, kuɗin shigar kan cinye rangwamen.

Haka lissafin yake a ɓangaren data. Ana raba kuɗin ƙunshi da adadin gigabait ɗin da mutum ya yi amfani da shi a zahiri. Wanda ya sayi gigabait 6 a Naira 3,000 amma ya ci 3 kacal kafin wa'adi ya cika, ya biya Naira 1,000 ne a kan kowane gigabait, ba Naira 500 ba. Da ya sayi gigabait 3 a Naira 2,000, da ya fi samun sauƙi, duk da cewa a takarda wannan ƙunshin ya fi tsada.

Muhimmancin wa'adi

A bisa al'ada, ƙananan ƙunshin kullum sun fi tsada idan aka tara kuɗinsu na wata guda, sai dai suna da sauƙin saya ga mai samun kuɗi kullum. Ƙunshin wata ya fi araha a kan kowane gigabait, amma yana buƙatar kuɗi a dunƙule da kuma iya tattali, domin wanda ya ga data da yawa yakan saki hannu, ta ƙare cikin kwana goma.

Kamfanoni na barin ragowar data ta bi mutum zuwa sabon wa'adi idan ya sabunta ƙunshin kafin ya ƙare, ko a cikin 'yan kwanakin sassauci da suka ware. Jinkirin kwana guda na iya jawo asarar ragowar. Akwai kuma ƙunshin dare da na kafofin sada zumunta, masu araha sosai, waɗanda suka dace da sauke manyan fayiloli ko da wanda kasuwancinsa bai wuce WhatsApp ba.

Kafofin da kuɗi ke zurarewa

Hausawa na cewa da yayyafi kogi kan cika. Yawancin asarar masu layi ta ƙananan kafofi take bi.

Aron kati na daga cikin manya. Kamfanoni galibi suna cire kashi 15 cikin 100 a matsayin ladan aro. Wanda ya ari Naira 500 zai ga Naira 425 a layinsa, amma 500 zai biya. Idan hakan ya zama al'adar kowane mako, Naira 3,900 ke nan a shekara ba tare da an yi kiran ko minti guda da ita ba.

Sai hidimomin da ake cirar kuɗinsu kullum ko duk mako, kamar waƙar da mai kira ke ji, da labaran wasanni, da gasar cin kyauta. Sau da yawa mutum kan shiga ta hanyar danna wani saƙo bisa kuskure. Naira 50 a kullum ta zama Naira 18,250 a shekara.

Akwai kuma hawa intanet kai tsaye daga kuɗin kati bayan ƙunshi ya ƙare, wanda farashinsa ya zarce na ƙunshi nesa ba kusa ba. Kashe data a waya da zarar ƙunshi ya ƙare yana toshe wannan kafa.

Hada-hadar banki ta lambobin da ake dannawa a waya ma tana da kuɗi: Naira 6.98 a kowane zama, wadda tun tsakiyar 2025 ake cira daga katin mai layi. Ɗan kasuwar da ke duba asusu ko tura kuɗi sau goma a rana zai kashe sama da Naira 1,800 a kwanakin kasuwa 26. Manhajar banki, ga mai babbar waya, tana cin data kaɗan ne ƙwarai.

Wayar kanta tana cin data a ɓoye. Manhajoji na sabunta kansu, WhatsApp na sauke hotuna da bidiyon da aka turo a zaurukan hira, Facebook da TikTok na kunna bidiyo ba tare da an taɓa ba. Ana iya hana duk waɗannan a sashen saituna. Bidiyo ne ya fi komai cin data: kallon awa guda mai tsananin kyan hoto na iya lashe gigabait guda ko fiye, alhali kiran murya ta intanet ba ya kai megabait guda a minti a mafi yawan lokuta.

Lambobin bai-ɗaya

Tun watan Mayun 2023 duk kamfanonin waya a Najeriya suke amfani da lambobi iri ɗaya. Ana duba ragowar kati da *310#, a loda kati da *311#, a sayi data da *312#, a duba ragowarta da *323#. Lambar *305# ita ce ta dakatar da hidimomin da ke cin kuɗi, *303# ta aro, 300 kuma ta kiran cibiyar kula da abokan hulɗa. Wanda ba ya son saƙonnin talla zai aika kalmar STOP zuwa 2442, kyauta. Idan mai layi ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, yana da damar kiran NCC a lambar 622, ita ma kyauta.

Sauya kamfani da riƙe layuka da yawa

Tun watan Afrilun 2013 mai layi ke da ikon komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ana yin hakan ne a ofishin sabon kamfanin, da shaidar mallakar layi. Wannan na da amfani ga ɗan kasuwar da lambarsa ke rubuce a allon shago da rasidai. Ya kamata a ƙarar da kati da datar da ke layin kafin a sauya, domin ba sa bin mutum. Ya kamata kuma a fara gwada ƙarfin sabis ɗin sabon kamfanin a gida da wurin aiki, domin data mai araha da ba ta buɗe shafi a cikin kasuwa asara ce.

Riƙe layi biyu, ɗaya na kira ɗaya na data, dabara ce da ta yaɗu, kuma tana taimakawa idan sabis ya ɗauke. Wuce biyu kan warwatsa kuɗi a ƙananan ƙunshi masu mutuwa ba a ƙarar da su ba. Akwai wani haɗari kuma: layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana rufe shi bayan kimanin wata shida, idan ya kai shekara kuma kamfani na iya sayar da lambar ga wani. Idan layin na haɗe da asusun banki, sabon mai shi na iya riƙa samun saƙonnin asusun. Kira ko saƙo ɗaya lokaci-lokaci ya isa ya raya layi, wanda kuma zai yi watsi da lamba wajibi ne ya fara cire ta daga bankinsa.

Auna bukata

Hanya mafi inganci ta zaɓen tsari ita ce mutum ya bibiyi amfaninsa na wata guda. Kowace babbar waya tana nuna yawan datar da aka ci da manhajar da ta ci ta, tana kuma ajiye tsawon kiran da aka yi. Rubuta duk katin da aka loda a littafin shago ko a bayan takardar albashi zai fito da jimillar da mutane da yawa ba su taɓa lissafawa ba.

Daga nan bukata ke bayyana. Ɗan kasuwar da ke kiran masu kawo kaya da direbobi ya fi buƙatar tsari mai sauƙin farashin sakan ko ƙunshin mintuna. Mai tallata kaya ta hotuna da bidiyo ya fi buƙatar ƙunshin wata mai yalwa. Ma'aikacin da ofishinsa ke da intanet na iya wadatuwa da ƙaramin ƙunshi, ya saya ranar da albashi ya shigo don kauce wa aro a ƙarshen wata. Gidan da ke da masu waya da yawa kuma yakan samu sauƙi idan aka sayi babban ƙunshi ɗaya aka raba, ko aka ajiye na'urar rarraba intanet guda.

Kamfanoni na sauya farashi da sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, don haka tsarin da ya fi araha bara ba lallai ne ya ci gaba da zama haka bana ba. Sake yin wannan lissafi duk bayan wata uku ko huɗu, da duba *305# don ganin ko wata hidima ta laƙe wa layin, ya isa ya tsare wa mai waya kuɗin da ba zai so ya rasa ba.